Kurakuran da masu tara tsofaffin takubba ba sa gajiya da maimaitawa

Duk ƙaratowar Sallah sai an yi ta turo mini hotunan takubba da wuƙaƙe, tambayar kuma ba ta canzawa: "Malam, wannan shekararsa nawa, kuma nawa zai yi a kasuwa?" Sau da yawa kafin hoton ya iso, mai takobin ya riga ya share abin da zan duba in ba shi amsa. Ɓarnar da wancan ya yi bara, ita wannan zai yi bana.

Uwar ɓarnar ita ce gogewa. Mutum zai sami takobin kakansa a bayan gado ya yi duhu, sai ya ga ai abin kunya ne a gan shi haka, ya ɗauko samfefa, ko toka da lemon tsami, wani ma har da ruwan batir. To ku saurara. Tsatsa iri biyu ce. Akwai ja mai gari-gari, wadda in ka shafa take kama yatsa. Wannan tana cin ƙarfe, dole a tsayar da ita. Akwai kuma duhun nan mai santsi, tsakanin toka-toka da baƙi, wanda ya kwanta a jikin ruwan takobin, wato ƙarfensa mai kaifi, a hankali cikin shekaru masu yawa. Wannan ba datti ba ne. Ba ya cin komai, kuma shi ne shaidar tsufan da babu wanda zai iya mayar maka da ita in ta tafi.

Ni wannan ɓarna ta ci ni, har yau in na tuna sai raina ya sosu. Ina da wani takobi da na gada, ruwansa mai kwari uku a tsakiya, da tambarin jinjirin wata biyu sun juya wa juna baya, sun dusashe har sai ka karkata shi ga hasken safiya kake ganin ido da hancin da ke cikin watan. Hamilarsa ce ta tsinke, na ba ɗan ƙanwata ya kai wa dukawa. Yaron kirki, ya ga bari ya burge ni, ya biya da shi wurin mai injin wasa wuƙaƙen mahauta. Ya dawo yana murmushi: "Kawu, ga shi nan ya koma sabo dal." Na zare. Wata biyun nan babu ko alamarsu. Gefen kwarin da maƙeri ya fitar da hannu ya baje, jikin ruwan duk zanen dutsen inji a gicciye, bakin kaifin kuma ya yi shuɗi-shuɗi wajen tsini, alamar zafi ya kashe taurin ƙarfen a wurin. Garin neman gira an rasa ido. Ƙarfen da ya wuce hannun mutane da yawa lafiya, inji ya gama da shi kafin a yi la'asar. Tun daga ranar ba na aiken kowa da takobi. In kube ne ko hamila za a gyara, da kaina nake kaiwa, in zauna har a gama.

Abin da nake yi wa jar tsatsa ba shi da wuya, haƙuri kawai yake so. Man keken ɗinki nake ɗiga mata, in bar shi ya kwana, washegari in murza da tsumma mai laushi. Inda ta yi tudu sai in kankare da gefen tsinken jan ƙarfe ko guntun ƙaho, don sun fi ƙarfen takobin laushi, ba za su zane shi ba. Na san wasu na amfani da soson ƙarfe mai laushi sosai, suna kuma samun biyan buƙata. Ni dai ba na kusantar da shi ga tambari ko rubutu. Da jar ta koma baƙa, to an gama, a tsaya. Tagullar ƙota ma haka, a share ƙura a ƙyale ta da launinta.

Kuskure na biyu, wanda ya fi cin kuɗin mutane, shi ne sayen tambari maimakon sayen takobi. Gaskiya ne ruwan takubba da yawa na ƙasar Hausa da Azbin daga Turai suka zo. Baturen nan Barth da ya shigo Kano a 1851 ya rubuta cewa ana kawo su da yawa daga Solingen ta Jamus, a nan kuma ake yi musu ƙota da kube. To amma da mutane suka gane tambarin wata biyu, ko kerkeci mai gudu, alamar ƙarfe mai kyau ne, sai maƙeran gida suka shiga buga irinsa a nasu aikin. Ba su ma suka fara ba: kerkecin asalinsa na garin Passau ne a Jamus, maƙeran Solingen suka kwaikwaya. Haka sunan Andrea Ferara, wani shahararren maƙerin takubba na Italiya, an buga shi a takubban da mutumin bai taɓa gani ba, shekaru da yawa bayan mutuwarsa. Saboda haka tambari shi kaɗai bai tabbatar da komai ba. Ku duba yadda aka yi shi. Wanda aka buga da hatimi tun a maƙerar asali zurfinsa ɗaya ne, kuma ya gogu tare da sauran jikin ruwan. Wanda aka tsaga daga baya layinsa na rawa, bakinsa da kaifi, wani lokaci ma za ka ga ya ratsa ta kan ramin tsatsa, wato tsatsar ta girme shi.

Kuma don Allah ku daina raina ƙirar gida. Tsohon takobin da maƙerin Bahaushe ko Buzu ya ƙera abin ajiyewa ne, ni na ma fi son sa a kan wasu na Turai. Laifin kawai shi ne a sayar maka da shi da sunan wani abu daban.

Lamba ma tana ruɗar mutane. Wani saurayi ya taɓa zuwa mini jikinsa na rawa, ya zuba kuɗi masu yawa a kan ruwan takobi mai 1414 a jiki, wai ya shekara sama da 600. Irin waɗannan lambobi, 1414 da 1515, an yi ta buga su a takubban Jamus na ƙarni na 17 da na 18, ba shekarar ƙira ba ce. In kuma da lambar Larabci aka rubuta, to Hijira ce: ka ninka da 0.97 ka ƙara 622, sai ka ga 1316 ta faɗo a 1898. Akwai rubutun da ke tona asiri nan take. Ingila ta wajabta rubuta ƙasar da aka yi kaya a 1887, don haka "Made in Germany" ba ya kai ka zamanin jihadi. Ƙarfen da ba ya tsatsa a 1913 aka samo shi a Sheffield, saboda haka wuƙar da aka rubuta wa "stainless" ko "rostfrei" ba ta ga yaƙin Burmi na 1903 ba, ko dillali ya rantse.

Dillalai kuwa, Allah ya shirye mu da su. "Ranka ya daɗe, da wannan aka yi yaƙin Tabkin Kwatto, ga jinin nan har yanzu." Baƙin tabon nan tsatsa ce. Kwarin da ke tsakiyar ruwan ma ba hanyar jini ba ce, an yi shi ne don takobi ya rage nauyi bai rasa ƙarfi ba. In labari bai zo da sunan gidan da aka fito da takobin ba, da wanda za ka je ka tambaya, ka biya kuɗin ƙarfe, labarin ka karɓe shi kyauta.

Wani abin da sababbin shiga ba sa ganewa shi ne takobi ɗaya yana iya zama da shekaru kashi uku. Ruwan na iya haura shekara 200, ƙotar ta zamanin kakanka, kuben kuma na bara. Fata ba ta daɗewa kamar ƙarfe, masu hawa kuma suna sabunta kayansu, wannan ba ha'inci ba ne. Kada sabon kube ya sa ka wuce ruwa mai kyau, kada kuma kuben da aka turbuɗa a ƙasa ya sa ka sayi ruwan da aka ƙera da sifirin mota. Alminiyum a ƙota, roba, ko alamar walda duk aikin ƙarni na 20 ne zuwa yau.

Sauran a gurguje. Takobin Sudan da ake kira kaskara ba namu ba ne: gicciyensa ƙarfe ne tsirara, kubensa na buɗewa wajen ƙarshe, kuma rubutun Larabcin da aka ci da asid a jikinsa bai isa hujjar cewa mayaƙin Mahadi ya riƙe shi a yaƙin Omdurman ba. Jambiya, wuƙar Yaman da alhazai ke sayowa tsaraba, yawancinta sabuwa ce, masu arhar ma falle biyu na ƙarfe aka haɗa; in an ce maka ƙotar ƙahon karkanda ce, ka ajiye, cinikinsa tsakanin ƙasashe haramun ne tun 1977. Zanen ruwa-ruwa da ake ce wa ƙarfen Dimashƙa, na gasken a cikin ƙarfen yake, irin na tsofaffin takubban Indiya da Farisa, na bogi kuwa a sama aka zana shi. Kada ka lanƙwasa tsohon ruwa a gwiwa wai gwaji, kada ka sari icce da shi don abokai su gani.

Ajiya: ba na barin ruwan takobi cikin kuben fata da damina, fatar na riƙe laima. A gefe nake kwantar da su, ruwan da ɗan man keke, kuben da ɗan kakin zuma saboda hunturu kada ya tsage. Ban da man gyaɗa ko manja, daskarewa suke su yi danƙo. Wanda ya taɓa ruwan da yatsa, a share wurin kafin a mayar.

Masu tunanin kaiwa waje su sayar kuma, dokar Najeriya ta 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ɗauki aikin hannun gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, fitar da shi sai da izininta. Ka tambaye su tun kafin ka yi ciniki da kowa.