Kurakuran Da Aka Fi Yi Wajen Gwajin Iskar Cikin Ƙasa

Idan tankin gidan mai ya yi yoyo a ƙarƙashin ƙasa, sinadarai masu guba da ke cikin fetur, irin su benzin, sukan zama tururi, su bi ƙofofin ƙasa har su ɓullo ɗakunan mutane ta tsagar daɓe. Shi ya sa ake kafa siririn bututu a ƙasa, a zuƙo iskar, a kai ɗakin gwaji. Abin da ke damuna shi ne yawancin kurakuran aikin nan gefe guda suke karkata: sai su nuna ƙasa lafiya lau, alhali guba na kwance.

Babbansu shi ne barin iskar waje ta kutsa cikin samfur. In bututun bai kai zurfin mita 1.5 ba, ko ba a liƙe bakin ramin da yumɓun bentonait sosai ba, iskar sama za a zuƙo, ta tsarma ta ƙasa. Maganin: a kife murfi a bakin ramin, a ɗura masa iskar hiliyam, sannan a zuƙa. Muddin hiliyam ya fito da yawa a samfurin, akwai kafa, sai a sake liƙewa.

Sai gaggawa. Ramin da aka haƙa da na'urar murɗawa yana buƙatar awa 48 kafin iskarsa ta daidaita. A fara fitar da tsohuwar iskar bututu, kuma kada zuƙa ta wuce mililita 200 a minti. In an sheƙa ruwan sama, a dakata kwanaki, don ruwa kan toshe hanyar tururi. Gwajin damina kaɗai bai isa hujja ba, a maimaita da rani.

A tuna kuma, gwajin nan ba ya ganin dalma. Irin gubar da ta hallaka yara a Zamfara a 2010 sai an gwada ƙasar kanta.

Wajen tsaftace ƙasar da ta gurɓata, injin zuƙe tururi yana aiki a ƙasa mai yashi, amma a laka da kyar yake jan komai. Kuskuren da ya fi tsada shi ne kwashe kayan aiki da zarar awo ya sauka. A kashe injin, a bar wurin makonni, a sake aunawa. Sau da yawa gubar da ta maƙale a laka takan sake tasowa, kuma in ta taso, dole a koma aiki kafin a ba kowa izinin gini.