Yadda Ake Zana Taswirar Tafiyar Manzo Bulus ta Farko

Mai koyar da Littafi Mai Tsarki kan karanta "suka tashi daga nan, suka isa can" cikin daƙiƙa biyu, alhali tafiyar ta ci mako guda a ƙafa. Taswira ce ke fito da wannan wahala fili. Bari mu gwada da tafiyar Bulus da Barnaba, wadda ke cikin Ayyukan Manzanni sura 13 da 14.

Da farko ka karanta surorin biyu da biro a hannu, kana rubuta kowane gari yadda ya zo a jere, tare da ayarsa: Antakiya ta Suriya, Salukiya, Salamis, Bafusa, Bariyata, Antakiya ta Bisidiya, Ikoniya, Listira, Darba, sai komowa ta Ataliya. A kula, Antakiya biyu ce, kuma nan ne mutane suka fi rikicewa.

Daga nan ka nemo inda kowanne yake a yau. Antakiya ta Suriya ita ce Antakya a ƙasar Turkiyya, Ikoniya ita ce Konya, Ataliya kuwa Antalya. Antakiya ta Bisidiya kango ce kusa da garin Yalvac. Salamis da Bafusa suna tsibirin Kubrus, ɗaya a gabas, ɗaya a yamma. Ka dasa musu alama a Google My Maps, ko a takarda idan babu data.

Wurin ja layi ne aikin yake. Tafiyar ruwa ka ba ta shuɗi, ta ƙasa ja. Kada ka yarda da miƙaƙƙen layin da manhaja ke aunawa, domin tsakanin Bariyata da Antakiya ta Bisidiya akwai duwatsun Taurus, Antakiyar kuma tana kan tudu da ya ɗara matakin teku da fiye da mita 1,000. Luka, marubucin Ayyukan Manzanni, bai faɗi hanyar da suka bi ba, saboda haka ka ja wannan yanki da ɗigo-ɗigo, mai kallo ya san hasashe ne. A ganina wannan gaskiyar ta fi kyan zane muhimmanci. Daga Antakiya ta Bisidiya zuwa Ikoniya akwai hanyar Romawa mai suna Via Sebaste, wadda aka gina a zamanin Kaisar Augusta. Nisan kusan kilomita 150 ne, kamar Kano zuwa Zariya.

Sai ka mai da nisa kwanaki. Matafiyi a ƙafa kan yi kilomita 25 zuwa 30 a yini, don haka raba kawai za ka yi. Shafin ORBIS na Jami'ar Stanford yana ƙiyasta kwanakin tafiya a daular Roma, har da na jirgin ruwa bisa lokacin shekara.

Yanzu koma 14:19-20. An jejjefi Bulus a Listira har aka ɗauka ya mutu, kashegari ya kama hanyar Darba, wadda ke da nisan kilomita 90 zuwa 100. Kwana uku ko huɗu ke nan da jiki duk rauni. Ka kuma duba gabas da Darba: hanya ta wuce ta Tarsus, garin haihuwarsa, zuwa Antakiya ta Suriya. Ba su bi ta ba. Suka juya ta Listira da Ikoniya da Antakiya ta Bisidiya, inda aka tsananta musu, suna naɗa dattawa a kowace ikkilisiya. Ka ja layin komowar gefen na zuwa, da kibiyoyi, don kada su haɗe.