Yadda Ake Tsinkar Tafasa da Sauran Ganyen Dawa a Damina

Da zarar ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli, bakin gonaki da kufai da gefen burtali sai su cika da ganyen da ba wanda ya shuka: tafasa, gasaya, lalo, karkashi, zaƙi-banza, ga yaɗiya tana hawa shinge. Yawancin masu cewa tafasa ba ta da daɗi, ko ta ɓata musu ciki, tsohuwa aka ɗebo musu, ko kuwa ba a dafa ta yadda ya kamata ba.

A fara da zaɓen wuri, domin nan hatsarin ya fi yawa a yanzu. Manoma da dama sun koma feshin maganin kashe ciyawa, kuma ganyen da aka fesa jiya yana iya zama kore shar yau. Idan aka ga ciyawar gefe ta fara yin rawaya ko ta ƙone a tsakiyar damina, ko aka ga robar magani a yashe, a bar wurin gaba ɗaya. A tambayi mai gona ko ya yi feshi, a kuma nemi izninsa. Tafasa tana son juji da bayan gari, amma inda ake bahaya ko ruwan kwata ke bi ba wurin ɗiba ba ne, komai kyan ganyen.

A fita da hantsi, bayan raɓa ta bushe. Jiƙaƙƙen ganye yana saurin ɗumama ya ruɓe, musamman a leda, don haka kwando ko ƙwarya ya fi. A sa rufaffen takalmi, a riƙe sanda ana bugun ciyawa kafin a kai hannu, saboda damina ce lokacin da saran kububuwa ya fi yawa. Wanda maciji ya sara, kada a tsaga wurin ko a ɗaure shi tamau. A hana gaɓar motsi a garzaya asibiti. Idan hadari ya haɗo a nufi gida, ba gindin bishiya ba. A tafi a ƙungiya, kuma a fara jin labarin lafiyar dajin daga mutanen ƙauyen.

Sai gane tafasar kanta, don tana da 'yar'uwa mai kama da ita, rai-ɗore, kuma sau da yawa tare suke tsirowa. A ƙirga ganyen da ke jikin silli ɗaya. Na tafasa shida ne, uku ta kowane gefe, bakinsu a zagaye, ya fi faɗi ta ƙarshe. Na rai-ɗore takwas ne ko goma, bakinsu mai tsini, in an murza sai wari mai ƙarfi ya tashi. Kwanson 'ya'yan tafasa siriri ne dogo mai lanƙwasa, na rai-ɗore kuwa ya fi faɗi. 'Ya'yan rai-ɗore suna da guba, sun fi yi wa yara da dabbobi illa, saboda haka a ja wa yaran da aka tafi da su kunne. Haka ma a guji zaƙami, da laimar kwaɗi kowace iri. Abin da babu wani babba a wurin da ya san shi, a bar shi a inda yake.

Wajen tsinka, kan tsiron kawai ake so, ganye mai taushi na sama, tun tafasar ba ta wuce gwiwa ba kuma ba ta yi fure ba. A tsinke da farce, kada a tumɓuke. Cikin 'yan kwanaki za ta sake tohowa a dawo mata. Da ta fitar da furenta mai ruwan ɗorawa, ganyen ya yi tauri, ɗaci da ƙarni sun ƙaru.

A gida, a cire sillaye, a wanke sau uku a babbar roba, ana tsamo ganyen sama don yashi ya zauna a ƙasa. Ganye yana shanyewa ƙwarai, kwano uku na ɗanye da ƙyar ya ba da dunƙule biyu ko uku, don haka a ɗebo da yawa. A bari ruwa ya tafasa kafin a zuba, a jefa kanwa kamar ƙwayar gyaɗa. In ta yi yawa ganyen zai narke ya yi santsi, ɗanɗanonta ya rufe komai. A dafa minti 30 zuwa 40, har ganye ya mutsuke tsakanin yatsu. A zubar da ruwan, a ɗauraye da ruwan sanyi, a matse sosai. Wannan ruwan na farko shi ke ɗauke da yawancin ɗacin da abin da ke saki ciki. Sannan a kwaɗanta da dakakken ƙuli-ƙuli, albasa, barkono, gishiri da ɗan man gyaɗa, ko a zuba a dambu. A Darfur da gabashin Chadi har tsima ganyen suke yi a tukunyar da aka binne, wajen mako biyu, su sami abin miya da suke kira kawal.

Gasaya, mai ganye biyar kamar yatsun hannu, ta fi ɗaci, sai an sauya mata ruwa sau biyu. Lalo da karkashi na miyar yauƙi ne, ba a zubar musu da ruwa.

Wanda zai yi ajiya ya baza ganyen ba kauri a tabarma, a inuwa mai iska, yana juyawa. A lokacin marka, cikin Agusta, iska a jiƙe take, ganye kan yi fumfuna kafin ya bushe. Gara a jira ranakun da aka samu sarari, kuma kada a zuba a buhu sai ya fara karyewa a hannu.