Yadda za ka haɗa sautin manyan fina-finai a kwamfutarka, ko da ɗaki ɗaya gare ka a Aboabo

Wannan gunjin da kake ji a manyan fina-finan Amurka, wanda ke tasowa daga ƙasa ya riƙe maka ƙirji tun kafin mugu ya bayyana, sau da yawa daga cikin kwamfuta ya fito. Manhajar sintisaiza, wato mai ƙera sauti da lantarki, ce ke yin sa. Sana'ata ke nan a Kumasi: ina sa wa finafinan Zango da bidiyon biki kiɗa, kuma ƙannena masu zuwa koyon aiki kusan tambayarsu ɗaya ce, wai wace manhaja manya suke amfani da ita. Zan faɗa maka, ƙanina, amma ka tsaya ka ji abin da zai biyo baya, don a can aikin yake.

Wadda ta fi suna a wannan fanni ita ce Zebra, ta kamfanin u-he da ke Balin a Jamus. Da ita Hans Zimmer, fitaccen mai kiɗan fim, ya gina yawancin sautukan lantarki na The Dark Knight a 2008, tare da wani gwanin ƙera sauti mai suna Howard Scarr, kuma a 2012 aka tattara waɗannan sautuka aka fitar da su kasuwa da sunan The Dark Zebra. Sai Omnisphere ta kamfanin Spectrasonics, wadda ta fito a 2008. Da wuya ka shiga situdiyon mai kiɗan fim ka rasa ta. Akwai kuma Kontakt, amma ita aikinta kunna sautin kayan kiɗa na gaske da aka naɗa, irin su goge na Turawa da ƙahonni. Masu son sautin da Vangelis ya yi wa Blade Runner a 1982 kuwa suna neman kwaikwayon da kamfanin Arturia ya yi na Yamaha CS-80, na'urar da Vangelis ɗin ya kaɗa, don ita na'urar ta asali nauyinta ya kusa kilo 100, kuma kuɗinta ba a magana.

To, ga shawarata, kuma ina tsaye a kanta: kada ka sayi ko ɗaya yanzu. Omnisphere kusan dala 500 ce, ka lissafa da sidi, kuɗinmu na Gana, ka ji, sannan bugu na biyu kaɗai yana cin gigabait 64 na ma'ajiya. Kada kuma ka karɓi ta sata da ake kwafa wa mutane a filash. Haƙƙin wani ne, kuma irin waɗannan su ne ke shigo maka da ƙwayar cuta su daskarar da aiki ranar da darakta ke tsaye a kanka. Ka sauke Vital, wadda Matt Tytel ya fitar a 2020, tana da bugu na kyauta wanda bai rage komai a injin sautin ba. Idan kwamfutarka tsohuwa ce irin waɗanda ake samu hannu na biyu a Adum, Surge XT ta fi sauƙi a kanta, ita ma kyauta. Ka haɗa da Valhalla Supermassive don amsa-kuwwa. Shirin da za ka jera kiɗan a ciki kuwa, FL Studio da yawancinmu muka saba da shi ya wadatar, ko Reaper da ake gwadawa kwana 60 kafin a biya dala 60. Ka zaɓi sintisaiza ɗaya ka zauna da ita wata da watanni. Wanda ya san manhaja ɗaya ciki da waje ya fi mai guda ashirin da yake bin jerin sautukan da wasu suka ƙera yana latsawa.

Sautin farko da za ka koya shi ne shimfiɗa, wato dogon gunjin da ke kwance ƙarƙashin fage. A nan nake so ka daɗe, don rabin aikin fim shi ne. Ka buɗe Vital babu komai a ciki. Ka kunna osileta biyu, wato ɓangaren da ke haifar da sautin, ka sa kowacce a kan igiyar sauti mai siffar haƙoran zarto. Ka goce ta biyun kaɗan daga ta farko, kaɗan ƙwarai, har ka ji suna gogar juna suna wani lilo a hankali. Wannan gogayyar ce ke sa sautin ya yi rai. Ka danna maɓallin D na can hagun kibod ɗin kiɗa ka riƙe. Zai yi ƙara mai kaushi, kada ka damu. Yanzu ka kunna filta mai tare sautin sama ta bar na ƙasa ya wuce, ka ja maɓallin da aka rubuta Cutoff a kansa ƙasa zuwa wajen hez 300 (hez shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti). Kaushin zai ɓace, gunji ya rage.

Filtar nan ita ce zuciyar al'amarin. Ka ɗauka kana tsaye a waje ana kiɗan biki a cikin gida an rufe ƙofa: duka kawai kake ji. Da an fara buɗe ƙofar sai muryoyi da guɗa su fara fitowa. Haka za ka yi da fage. Ka ɗaura filtar a kan ƙaramar tayar da ke gefen kibod, ka kunna fim ɗin, ka riƙa buɗewa da hannunka sannu a hankali yayin da magana ke zafi tsakanin 'yan wasa, ka rufe idan ta lafa. Ka naɗi motsin hannun nan yadda yake. Na fi son sa da rawarsa da kuskurensa a kan layin da aka zana da linzamin kwamfuta, don mai kallo yana jin bambancin ko bai san sunansa ba. Sai ka sa sautin ya ɗauki daƙiƙa uku ko huɗu kafin ya cika, ya ɗauki kamar haka kafin ya mutu, ka zuba masa amsa-kuwwa mai tsawo. Maɓalli ɗaya tak zai iya riƙe fage na minti biyu. Yaranmu sun saba da kiɗan rawa, hannunsu na ƙaiƙayin canza maɓalli duk bayan bugu huɗu. Ka danne wannan ƙaiƙayin.

Na biyu shi ne bugun gudu, wanda ake sawa idan ana bin mutum a lungu ko ana jiran labari. Osileta ɗaya ta isa. Ka gajarta sautin ya zama ɗan tsinke, ka sa filta ta buɗe ta rufe da sauri a kan kowane bugu, ka jera maɓalli ɗaya sau 16 a kowane gida, wato kowane bugu huɗu, a gudun bugu 100 zuwa 120 a minti. Sirrinsa yana wajen nauyi: ka ƙarfafa bugu na ɗaya da na huɗu da na bakwai a cikin kowane takwas, uku-uku-biyu ke nan. Duk wanda ya tashi yana jin ganga a Zango ya riga ya san wannan a jikinsa.

Na uku, babbar tsawar nan da ta cika tallan fina-finai tun bayan Inception a 2010, ba zan daɗe a kanta ba don an gaji da ita. Ka ninka igiyar zarto sau bakwai ko fiye, ka danna maɓalli ɗaya a hawa uku (hawa shi ne tazarar D zuwa D ta gaba), filta ta buɗe farat ɗaya ta rufe a hankali, ka ƙara mata ɗan ƙuna, wato kaushin da ake kira distortion. Sau ɗaya a fim, ko biyu. In ta wuce haka ta zama hayaniya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a rai. In ka tsaya a nan, kiɗanka zai yi kama da na kowa a duniya, kuma kullum na masu manyan injuna zai fi naka. Dubi abin da Ludwig Göransson ya yi wa Black Panther a 2018: ya taso takanas zuwa Senegal, ya bi mawaƙi Baaba Maal, ya naɗi tama, ƙaramar gangar hammata 'yar'uwar kalangunmu, ya haɗa ta da bugun lantarki da ƙungiyar makaɗa, kuma kiɗan ya ci kyautar Oska a 2019. Shi sai da ya hau jirgi. Kai kuwa mai kalangu da mai goge suna nan tsakanin Asawase da Sabon Zango, kana gaishe su kullum. Ka je da ladabi, ka ce Baba ina so in naɗi hannunka, ka gaya masa a fim za a sa, ku yi ciniki, ka biya shi, ka sa sunansa a ƙarshen fim. Kada ka naɗa a ɓoye a wajen suna ko biki.

Ka roƙe shi ya ja maka zare ɗaya na goge mai tsawo, ba waƙa ba, sannan bugun kalangu ɗaiɗai, mai matsi da mai saki. Da sassafe bayan Asuba ya fi, kafin pragiya, wato babur mai ƙafa uku, da masu talla su cika titi, kuma ka kashe fanka. Ko da wayarka ce za ta yi, in ka rataya bargo a bango. Sai ka ja fayil ɗin gogen ka jefa cikin osiletar Vital. Za ta mayar da shi igiyar sauti da za ka iya kaɗawa a kibod. Ka sauke shi hawa biyu ƙasa, ka bi da shi ta filtar nan da amsa-kuwwa. Abin da zai fito shimfiɗa ce mai girman ta Holiwud, amma da ƙaiƙayin gashin doki a cikinta, kuma tsohuwa a Alabar za ta ji wani abu nata a ciki. Kalangun kuma ka ɗora shi a kan bugu uku-uku-biyu. In ka samu mai kakaki, busa ɗaya da aka sauke ƙasa ta fi duk wata tsawar da za ka ƙera.

Saura haɗawa, kuma a nan masu koyo ke faɗuwa. Mutanenmu a waya suke kallo, a YouTube ko a abin da aka turo musu ta WhatsApp, kuma lasifikar waya ba ta fitar da gunjin ƙasa. D ɗin da ka danna tana wajen hez 37 ko 73, waya ba za ta taɓa furta ta ba. Maganinsa ka ƙara wa shimfiɗar ɗan ƙuna don ta haifi 'ya'yan sauti a sama, ko ka ninka ta da wata a hawa na gaba. Kunne zai ƙarasa sauran da kansa. Sannan ka rage kiɗan tsakanin hez 1,000 da 4,000 duk inda ake magana, don a nan kalmomi ke fitowa fili. Fim ɗin Hausa magana ce, in aka rasa kalma ɗaya ta habaici an rasa fagen. Kafin ka miƙa aiki ka tura shi wayarka, ka fita bakin titi ka saurara.

Kwamfuta mai gigabait 8 za ta ɗauki wannan duka in kana mayar da kowane layi fayil ɗin sauti da zarar ka gama shi. Ka riƙa adanawa a kai a kai saboda dumso, wato ɗauke wuta, in da hali ka sayi ƙaramin batirin ajiya. Tun farkon aiki ka sa shirin a kan kilohez 48, shi ne ma'aunin bidiyo, ka fitar da fayil ɗin sauti na WAV, kuma ka ba mai tace fim fayil uku daban: shimfiɗa, bugu, da kayan gargajiya, dukkansu sun fara daga wuri ɗaya. In darakta ya ce kalangu ya yi yawa a fagen mutuwa, sai a rage shi kaɗai ba tare da an sake kiran ka ba.