Kurakuran da aka fi yi wajen sauya gilashin saman mota a Maraɗi

Ƙananan kat-kat irin su RAV4, CR-V, Tucson, Sportage da Highlander sun cika titunan Maraɗi, kuma da yawansu suna zuwa da gilashi a rufi wanda ake buɗewa da maɓalli. Don ƙasashen da ake marmarin rana aka ƙera wannan taga. Mu nan rana ta ishe mu, shi ya sa mai mota yakan shekara bai taɓa maɓallin ba, har ya manta da gilashin, sai ran da tsakuwa ta taso daga tayar babbar mota a hanyar Damagaram ya ji tau! a bisa kansa. Fashewar asara ce guda, kuma tana da iyaka. Abin da ke ba ni takaici shi ne asarar da ke biyo baya a garaji, inda ake ɗauka aikin bai wuce a cire gilashi a ɗora wani ba, alhali gilashin shi ne mafi sauƙi a cikin aikin duka.

Tun kafin a kai ga bakanike ake fara ɓarna. Gilashi ya tarwatse, mai mota ya ruɗe, ya danna maɓalli don ya ga ko abin yana aiki har yanzu. A ƙarƙashin rufin akwai ɗan injin lantarki da ke jan wayoyi biyu masu murɗi, su kuma suna tura ƙananan takalman roba a cikin layuka biyu na alminiyam. Da zarar an danna, ɓaraguzan gilashi suna shiga cikin layukan, takalman su karye, haƙoran injin su cinye. Wanda da gilashi kaɗai zai saya, yanzu sai ya nemi firam ɗin gaba ɗaya. Kada a taɓa maɓallin ko sau ɗaya. A duba murfin akwatin fiyus, a zare fiyus ɗin tagar sama, don kada yaro ya danna a bayan idonka. Idan marfin ciki mai tare rana a rufe yake lokacin da abin ya faru, a bar shi a rufe, shi ne yake riƙe ɓaraguzan kada su zubo wa mutane a ido.

Rufewar wucin gadi ba ta da wuya: leda mai kauri da salatif. Amma a fara shimfiɗa salatif ɗin takarda irin na masu fenti a jikin motar, sannan a ɗora mai ƙarfin a kansa. Salatif ɗin ɗaure kwali idan ya sha ranar watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, gam ɗinsa yakan narke ya kama fenti, wani lokaci ya taso da shi.

Kuskuren da ya fi kowanne haɗari shi ne zuwa wurin mai yankan gilashin tagogin gida a ce ya yanko daidai ramin. Ana yi, kuma dalilin a fili yake: na asali yana da tsada, ga jiran zuwansa. Sai dai gilashin rufin yawancin motoci gasasshe ne. A masana'anta ana yanka shi, a lanƙwasa shi daidai doron motar, a zafafa shi ya wuce digiri 600, sannan a sanyaya shi da iska nan take. Wannan gashi yana sa ya fi gilashin gida ƙarfi kamar ninki huɗu zuwa biyar, kuma idan ya fashe yakan dagargaje ƙanana-ƙanana kamar gishirin Balma, marasa kaifi sosai. Gilashin gida kuwa idan ya fashe, dogayen tsinaye masu kaifi yake bayarwa, kuma a nan bisa kawunan iyalinka ka ɗora shi, a kan hanya mai gargada irin ta ƙauyukanmu. Ba shi da lanƙwasar rufin, ba shi da ƙarafan da ake ɗaure shi da su, don haka da gam kawai ake maƙala shi. Wallahi gara mutum ya yi wata guda yana yawo da leda. Farin roba mai kama da gilashi ma ba mafita ba ne, zafi yana sa shi ya kumbura ya saki jiki, ƙura kuma ta kankare shi ya dushe.

Daga wannan gashin ne wasu abubuwa biyu suke fitowa waɗanda ya kamata a sani. Gasasshen gilashi ba ya yankuwa, ba ya huduwa, ba a goge gefensa don ya shiga rami. Duk wanda ya ce maka, “Alhaji, wannan ya ɗan fi girma, amma za mu rage shi,” ka karɓi kayanka ka yi gaba. Kuma ba a yi masa ɗorin da ake yi wa gilashin gaba da ruwan gam, saboda na gaba falle biyu ne da leda a tsakani, tsagewarsa takan tsaya wuri ɗaya. Akwai wasu manyan rufin gilashi na sababbin motoci da ake yi da irin na gaban, kuma tambarin da ke kusurwa zai nuna maka. Ka goge ƙura da yatsa ka duba: sunan kamfani, harafin E a cikin da'ira da lamba kusa da shi, 43R, lambar DOT, sau da yawa da kalmar TEMPERED ga gasasshe ko LAMINATED ga mai falle biyu. Gilashin da babu tambari a jikinsa kada ya hau motarka.

Bari in ɗan ratse. Gasasshen gilashi yakan fashe da kansa mota tana tsaye a inuwa, ko dai saboda ɗan ɓalli da ya samu a gefe tun tuni, ko wani ƙanƙanin ƙwayar sinadarin nikel da ya maƙale a ciki tun daga masana'anta, yana kumbura a hankali. Hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, NHTSA, ta buɗe bincike a 2013 kan Kia Sorento ƙirar 2011 zuwa 2013 saboda ƙorafin irin wannan fashewa. Na faɗi haka ne don kada a ɗora wa mai gadi ko yaron wanki laifin da bai ji ba bai gani ba.

Wajen saye kuma, sunan mota kaɗai ake faɗa a waya: “A aiko mini da na RAV4.” Wace RAV4? Ƙirar 2006 zuwa 2012 daban, ta 2013 zuwa 2018 daban, wadda ta fito daga 2019 daban. Haka CR-V ta 2007 zuwa 2011 ba ɗaya take da ta 2012 zuwa 2016 ba. A shekara ɗaya ma wata tana da ƙaramar taga, wata rufinta kusan duka gilashi ne, kuma motocinmu na Kwatano wasu daga Amurka suka taso, wasu daga Turai. Abin da ke raba gardama shi ne lambar sasi mai haruffa da lambobi 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta gefen hagu, da jikin ƙofar direba, da takardar motar. A ɗauki hotonta, a ɗauki hoton ramin daga sama da tef ɗin awo a shimfiɗe tsawo da faɗi, a tura wa mai kayan ta WhatsApp, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano yake ko a Lome. Shi ma ya turo hoton gilashin nasa ta ciki, a ƙirga wuraren kusoshi a kwatanta.

Na hannu ba laifi ba ne, yawancinmu shi muke iya saye. Amma a bi gefunansa huɗu da yatsa a hankali, domin ɓalli ɗaya a gefe ya isa ya tarwatsa shi bayan wata biyu. A duba ƙarafan da ke manne a ƙasansa ko sun fara saki ko tsatsa ta ci su, a matsa robar da ke kewaye a ga ko ta bushe ta tsattsage. A roƙi direban da zai taho da shi ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa ya tsayar da shi a tsaye, naɗe da bargo, kada a kwantar da shi a jibga masa kaya.

Sabon gilashi ya iso, kowa yana ɗoki, yaran garaji suna so su ɗora a tashi. Nan ne ya kamata mai mota ya ja kujera ya zauna. Ɓaraguzan tsohon gilashin suna nan a cikin layukan, sun cakuɗe da tsohon man da ƙurar hunturu ta mai da shi laka. Share na sama da tsumma bai wadatar ba. Sai an bi da injin zuƙe ƙura, a bi da ɗan buroshi, a goge layukan fes har yatsa ya bi su bai ji ƙaiƙayin komai ba. Bayan nan kada a shafa baƙin man inji ko giris mai kauri na taya, kamar yadda hannu ya saba. A garin da iska ke ɗauke da yashi, mai kauri tarkon ƙura ne, kuma man fetur da danginsa suna kumbura robar. Ɗan man silikon kaɗan, shafa ɗaya marar kauri, ya isa.

Sai tiyoyin ruwa, waɗanda mutane da yawa ba su ma san da su ba. Robar da ke kewaye da gilashin ba ta tare ruwa gaba ɗaya, kuma haka aka ƙera ta. Ɗan abin da ya zurara yana sauka cikin wata kwata da ke kewaye da firam ɗin, daga nan ya bi ƙananan tiyoyi, galibi huɗu ne, ɗaya a kowace kusurwa. Na gaba suna gangarawa ta ginshiƙan da ke gefen gilashin gaba, na baya ta ginshiƙan baya, su zubar a ƙarƙashin mota. Ɓaraguzan gilashi, da ƙura, da busasshen ganyen bedi suna toshe su. Idan an yi aikin da rani babu wanda zai lura, sai ruwan watan Agusta ya sauka, silin ya jiƙe ya yi zane, kafet ta fara wari, wayoyin da ke ƙarƙashinta su fara ba da matsala. Daga nan sai a ce gilashin ne ke yoyo, a zagaye shi da gam, a ƙara ɓata shi.

Gwajin ba ya cin ko dala. Kafin a ɗora gilashi, a ɗauko buta, a tsiyaya ruwa a hankali a kusurwar gaba ta dama, wani ya durƙusa ya leƙa bayan tayar gaba. Cikin ɗan lokaci zai ga ruwa yana ɗiga a ƙasa. A bi sauran kusurwoyin haka, na baya a tsayar da motar gabanta ya ɗan ɗaga. Wadda ruwa ya kwanta a cikinta, tiyonta ya toshe. Kada a zura masa waya mai tauri, tana huda shi. Kada kuma a kai wa mai faci ya hura da iskar taya, ƙarfinta yana fizge tiyon daga mazauninsa a cikin silin inda ido ba ya gani, ruwa ya koma zuba kai tsaye cikin mota. Zaren roba mai kauri kuma mai laushi ake turawa sannu-sannu, a bi da ruwa.

Gilashin da ke zamewa kusoshi ne ke riƙe da shi ta gefe biyu, yawanci huɗu zuwa shida masu kan tauraro, kuma ramukansu dogaye ne don a iya ɗaga gilashin ko a sauke shi. Kafin a kwance na tsohon, a zana wurin kowace kusa da alƙalami. Wajen ɗaurewa, kuskuren shi ne a matse ɗaya tamau sannan a wuce ta biyu, sai gilashin ya zauna a karkace yana ɗauke da nauyi a kusurwa ɗaya. A ɗaura su duka sako-sako, a rufe tagar, a ɗora ruler ko wani miƙaƙƙen ƙarfe a kan rufin a daidaita. A yawancin motoci bakin gaba yana zama daidai da rufi ko ya nutse kamar milimita 1, bakin baya daidai ko ya ɗaga kamar milimita 1, don iska ta wuce ba tare da fito ba. Sai a matse ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, da hannu, ba da injin iska ba.

Babban gilashin da ba ya motsi kuwa manne yake da jikin mota, da baƙin gam ɗin yuretan irin na gilashin gaba, bayan an shafa masa share-fage na musamman. Silikon na banɗaki ba ya maye gurbinsa. Ba shi da ƙarfin riƙo, irin mai warin tsami yana sa ƙarfe tsatsa, kuma wurin da ya taɓa yuretan ba ya kamawa sai an kankare shi sarai. Shi yuretan da danshin iska yake bushewa, don haka a hunturu yakan ɗauki lokaci fiye da na damina. A bar motar ta kwana a inuwa, tagogi a ɗan buɗe, kada a buga ƙofa da ƙarfi.

Idan aikin ya kai ga sauke silin, a cire kan batir a jira mintoci kaɗan, saboda jakunkunan iska na gefe a naɗe suke a gefen rufin. Bayan an mayar da batir, tagar takan manta iyakar buɗewa da rufewarta, ta riƙa tsayawa a rabi ko ta koma baya da kanta. Kada a yarda a ce injin ya mutu a sayi wani. A yawancin motoci ana danne maɓallin ɗagawa ko na rufewa ne a riƙe har ta gama zagayenta, kuma yadda ake yi wa kowace mota yana cikin littafinta.

Kafin ka cika wa maigidan garaji kuɗinsa, ka buɗe ka rufe sau da yawa kana sauraro, ƙara irin ta gurzar yashi ta nuna akwai sauran gilashi a layi. Ka sa a kwarara ruwa a rufin kana zaune a ciki, hannunka a kan silin ta kusurwoyi. Sannan ku fita tare zuwa kwalta, a kai kilomita 80 a awa, rediyo a kashe. Idan ka ji fito ta sama, mai yiwuwa bakin gaba ne ya ɗaga, ku koma a sassauta kusoshin a sake daidaitawa.