Yadda za ka juya ɗan jarinka a Maraɗi ba tare da ya narke ba

Ɗan uwa, kafin komai ware kuɗin cefane na wata uku ka aje gefe, ko kana kuka kar ka taɓa su, abin da ya rage shi ne jari.

Sai ka raba ƙafa. Da kaka in gero da wake sun yi araha sayi buhu kaɗan ka aje har damina ta kama, lokacin farashi yakan hau, amma fa waken sai a buhu mai leda ciki, in ba haka ba ƙwari su riga ka cin riba. Saura ka sa a jar akuya, tana yawan haifar tagwaye, ko rago don layya.

Batun naira kuwa, ni dai ba na barin ta ta kwana a hannuna. Sefa ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 duk yuro ɗaya, naira ko yau sama gobe ƙasa. Kuma ka tuna 2023 da aka rufe boda bayan juyin mulki, masu kaya ta hanyar Jibiya sun ji jiki.

Wanda ya ce maka a WhatsApp zai ninka kuɗinka cikin sati, tambaye shi me yake saidawa tukun.