Yadda ake fitar da adadin 'yan kasuwar da za a tambaya a binciken digiri

Ɗalibin da ke rubuta kundi kan harkar kasuwanci ba zai iya bin kowane shago ba, dole ya ɗebi wasu su wakilci sauran. Mutum nawa? Sassan nazarin kasuwanci da dama a jami'o'in Najeriya suna karɓar lissafin Taro Yamane na 1967:

n = N ÷ (1 + N × e²)

Ƙaramin n shi ne adadin waɗanda za ka tambaya, babban N shi ne jimillar waɗanda binciken ya shafa, e kuma tazarar kuskuren da ka yarda da ita, galibi 0.05, wato kashi 5 cikin 100. A ce kana da shaguna 2,000. Ninka 0.05 da kanta, ka samu 0.0025. Ninka da 2,000 ya ba ka 5, ƙara 1 ya zama 6. Raba 2,000 gida 6, ka samu 333.3. Ba a tambayar guntun mutum, don haka a cike zuwa 334, kullum sama ake cikewa. Idan ka matse tazarar zuwa 0.03, adadin zai haura zuwa 715, sai ka duba aljihunka tukuna.

Lissafin kansa minti biyu ne. Wahalar tana wajen N, kuma nan ne mai jarrabawa na waje yake kama ɗalibai. Dole ka nuna inda ka samo jimillar. Rajistar Hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni da sunayen kasuwanci rajista, ta ƙunshi waɗanda suka yi rajista ne kawai, alhali ƙananan 'yan kasuwa da yawa ba su taɓa yi ba, kuma dokar kamfanoni ta CAMA 2020 ba ta tilasta wa mai sana'a da ainihin sunansa yin rajistar sunan kasuwanci ba. A ɗaya ɓangaren, rajistar tana ɗauke da sunayen da suka daɗe da rufe shago. Saboda haka tambayar bincikenka ce za ta zaɓa maka jerin. Idan kana nazarin tasirin dokar, misali damar da ta bayar ta mutum ɗaya ya kafa kamfani shi kaɗai, rajistar CAC ce wurin zuwanka. Idan kuwa yadda masu atamfa a Kantin Kwari suke ba da kaya bashi kake nazari, nemi jerin ƙungiyar 'yan kasuwar, ko ka ƙirga shagunan layi-layi da kanka, ka rubuta ranar da ka ƙirga.

In jimillar ba ta samuwa ko kaɗan, kada ka ƙirƙiro ta don Yamane ya yi aiki. Koma ga lissafin Cochran, wanda ba ya buƙatar N: a kan tabbacin kashi 95 da tazarar 0.05 yana ba da 385. Jadawalin Krejcie da Morgan na 1970 kuma zai ba ka 322 ga shaguna 2,000. Bambancin 322 da 334 ba kuskure ba ne, Yamane ya ɗan sauƙaƙa lissafin ne. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa.

Ka tuna 334 amsoshin da suka dawo cikakku ne, ba takardun da aka raba ba. Ɗan kasuwa zai karɓi takarda ya ce ka dawo bayan la'asar, ka dawo ka tarar an naɗe goro da ita. Idan kana sa ran kashi 80 za su dawo, raba 334 da 0.8, ka buga 418.

Sai rabo. A ce a cikin shagunan akwai masu sayar da ɗaiɗai 1,200, 'yan sari 600, masu shigo da kaya 200. Kowane rukuni ya samu gwargwadon girmansa daga cikin takardun 418: 251 da 125 da 42. A cikin kowane rukuni kuma ƙuri'a za ta yi zaɓi. Zuba sunayen a Excel, sa RAND (umarnin da ke ba kowane suna lamba ta ƙuri'a) a gefensu, jera su bisa lambobin, ka ɗebi na sama. Wannan mataki ne aka fi tsallakewa, kuma dukkan lissafin a kansa ya dogara. Wanda ya raba wa abokan babansa da shagunan bakin ƙofa, ko ya samu 334 cif, ba shi da hurumin cewa kuskurensa bai wuce kashi 5 ba.

Kafin ka shiga kasuwa, gwada tambayoyin a kan mutum 30 da ba sa cikin waɗanda aka zaɓa, musamman idan an mayar da su Hausa. Sa bayanin neman amincewa a saman takardar, domin Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafi suna da lambar waya da ka karɓa. Tambayar ciniki kuwa a yi ta rukuni-rukuni, kamar "ƙasa da naira 500,000 a wata", don da wuya ɗan kasuwa ya rubuta ainihin cinikinsa ga baƙon da yake zargin jami'in haraji ne.